Roodee: filin sukuwar da kogi ya bar wa birnin Chester

Roodee fili ne mai ciyawa, shimfiɗaɗɗe kamar faifai, a yammacin birnin Chester da ke arewa maso yammacin Ingila, dab da iyakar Wales. Girmansa eka 65 ne, wato kimanin hekta 26. Ganuwar birnin ta tsare shi ta gabas, kogin Dee ya kewaye shi ta kudu da yamma, layin dogo kuma ya bi ta gefensa na arewa maso yamma. A nan ake sukuwar dawaki tun 1539, abin da ya sa a 2019 kundin Guinness ya amince da shi a matsayin filin sukuwa mafi daɗewa a duniya cikin waɗanda har yanzu ake amfani da su. Kafin dawaki su taka shi, an yi ƙwallo da harbin kibiya a kansa. Kafin nan shanu sun yi kiwo. Kafin shanu kuwa jiragen ruwa ne suke tsayawa a wurin.

Hanyar zuwa filin

Daga Landan zuwa Chester tafiyar kimanin awa biyu ce a jirgin ƙasa, daga Liverpool kuwa ba ta cika awa guda ba. In an sauka a tasha, sauran tafiyar ta ƙafa ce, mil ɗaya da 'yan kai, kuma hanyar kanta takan fara ba baƙo labari tun kafin ya isa. Ana shiga tsohon gari ta Eastgate, ƙofar gabas, wadda aka ɗora wa agogo a 1899 don tunawa da cikar Sarauniya Biktoriya shekara 60 a gadon mulki. Titi ya miƙe har tsakiyar gari, inda manyan hanyoyi huɗu suka haɗu bisa tsarin da sojojin Rum suka shata kusan shekara dubu biyu da suka wuce. Daga nan sai gangara ta titin Watergate.

A wannan titi ake ganin irin ginin da Chester ta yi suna da shi: shaguna hawa biyu, na ƙasa suna fuskantar titi, na sama kuma an ratsa gabansu da doguwar baranda mai rufi wadda jama'a ke bi ko ana ruwan sama. Asalin waɗannan gine-gine ya koma ƙarni na 13, kuma da dama suna da ɗakunan dutse a ƙarƙashin ƙasa, inda attajirai ke ajiye hajar da aka sauke daga jirgi. Can gaba, jikin wani tsohon coci, akwai tsohon ofishin kwastan. Sai ƙofar kanta, Watergate, wato ƙofar ruwa. Komai na titin yana nuna cewa tashar jiragen ruwa ce a gaba. Wanda ya fita ta ƙofar kuwa ciyawa zai tarar, da farin shinge da ya zagaye ta.

Wurin da ya fi dacewa a tsaya a kalli filin shi ne kan ganuwa. Ganuwar Chester ta jan dutse ce, tsawonta kusan mil biyu, kimanin kilomita uku, kuma babu ganuwar birni a Birtaniya da ta kai ta cika, har ana iya zagaya gari a kanta. A ɓangaren da ke kallon Roodee, titin Nuns Road ya bi jikinta daga ciki daidai da samanta, daga waje kuma ta sauka ƙasa da zurfi. Mai tsaye a nan filin gaba ɗaya yana ƙarƙashinsa. Ta hagu akwai gadar Grosvenor, ta dama akwai gadar jirgin ƙasa, a tsallaken kogi gidajen unguwar Curzon Park ne a kan tudu, can nesa kuma, in gari ya washe, ana hango duwatsun Wales.

Lokacin da filin yake ruwa

Rumawa sun kafa sansanin soja a nan a shekarun 70 na Miladiyya, suka kira shi Deva, daga sunan kogin. Abin da ya jawo su shi ne tudun jan dutse a bakin kogi mai zurfi, inda jirgi zai iya shigowa daga tekun Ireland. A wancan zamani duk inda Roodee yake a yau ruwa ne, yana cika yana janyewa tare da teku. Jirage na kawo giya da man zaitun da tukwane don runduna ta 20, wadda ta daɗe a sansanin, a tsaunukan Wales da ke kusa kuma ana haƙo dalma. A ƙarshen ƙarni na 19, wajen haƙa ƙasa a masana'antar iskar gas da ke gefen filin, an tono turakun katako na tsohuwar matsayar jirage, tare da curin dalma mai ɗauke da sunan Sarkin Rum Vespasian da shekarar da ta yi daidai da 74. A gindin ganuwa ma, ƙasa da Nuns Road, har yau ana ganin layin manyan duwatsu sassaƙaƙƙu, mafi yawansu sun nutse a ƙasa, waɗanda aka daɗe ana dangantawa da bangon tashar Rumawa.

Bayan tafiyar Rumawa tashar ta ci gaba da aiki. Wajen 1195 wani malamin coci mai suna Lucian ya rubuta littafin yabon Chester, inda ya ambaci jiragen da ke zuwa daga kudancin Faransa da Sifaniya da Ireland da Jamus. Daga nan ne kuma Sarki Edward na Ɗaya ya shirya yaƙe-yaƙensa na cin Wales a 1277 da 1282.

Sai dai kogi ya riga ya fara janye jiki. Dee na kwaso yashi da laka daga tsaunuka, teku kuma na turo nasa daga ɗaya ɓangaren. Wasu suna ɗora laifin a kan madatsar ruwan da aka gina a ƙarshen ƙarni na 11 don juya injinan niƙa, wai ita ta rage ƙarfin ruwan da ke wanke hanyar jirage. Babbar shaida ita ce Water Tower, hasumiyar da aka gina tsakanin 1322 da 1325 a kusurwar ganuwa ta arewa maso yamma, a kan kuɗi fam 100. A cikin ruwa aka kafa ta don ta tsare tashar. Yau tana tsaye a busasshiyar ƙasa cikin lambu, kogi ya yi mata nisan kusan mita 200. Manyan jirage suka koma tsayawa can ƙasa, a Neston da Parkgate. A 1737 aka buɗe sabuwar hanyar da aka haƙa wa kogin don a ceto tashar, amma Liverpool ta riga ta buɗe sabuwar matsayar jiragenta tun 1715, ta kwashe cinikin. Faɗuwar wani tashin wani. Lakar da ta kashe tashar ita ce ta taru a gindin ganuwa ta zama fadama, fadamar ta bushe ta zama makiyayar shanun mutanen gari, daga baya aka yi mata tudun ƙasa a bakin kogi don tare ambaliya.

Tsibirin gicciye

Sunan Roodee ya fito daga kalmomi biyu na tsohon Turanci, ɗaya tana nufin gicciye, ɗaya tana nufin tsibiri. Sunan yana tuna lokacin da wurin yake ɗan tudun yashi da ruwa ke zagayewa, da gicciyen dutse kafe a kai. Guntun ginshiƙin yana nan a cikin filin, gajere, iska da ruwan sama sun cinye masa kusurwoyi.

Mutanen gari suna da tatsuniyarsu game da shi. Wai a 946 an yi fari a Hawarden, wani gari da ke tsallaken iyaka cikin Wales. Matar hakimin garin, Lady Trawst, ta shiga coci roƙon ruwa, sai mutum-mutumin Nana Maryamu ya faɗo mata a ka, ta mutu. Aka zaunar da mutum goma sha biyu su yi wa mutum-mutumin shari'a, suka same shi da laifin kisa. Ratayewa ta gagara, ƙonewa ma babu mai ƙarfin halin yi, sai aka kai shi bakin kogi aka ajiye. Da ruwa ya cika ya ɗauke shi, bai dire shi ba sai a gindin ganuwar Chester, inda mutane suka binne shi suka kafa gicciye a wurin. Masu binciken tarihi kuwa sun fi karkata ga cewa dutsen alamar iyaka ne, mai yiwuwa ta filayen gidan mata masu zaman zuhudu da ke cikin ganuwa, waɗanda titin Nuns Road ya samo suna daga gare su.

Daga ƙwallo zuwa ƙararrawar azurfa

Zuwa farkon ƙarni na 16 Roodee ya zama dandalin gari. Tun 1511, duk ranar Litinin ɗin Ista, manyan jami'an shari'a biyu na birnin kan ja mutanensu zuwa filin a yi gasar harbin kibiya, a tashi a je a karya kumallo da kan maraƙi da naman alade. Amma babban taron shekara shi ne na ranar Talata, jajiberin azumin Kiristoci na kwana arba'in. Ran nan ƙungiyoyin masu sana'a kan hallara a gindin gicciye a gaban magajin gari, kowace da kyautar da al'ada ta ɗora mata ta ba 'yan kasuwar yadi. Masu ɗinkin sirdi kan zo a kan doki da ƙwallon katako da aka yi wa ado da furanni, a soke a tsinin mashi. Duk wanda ya yi aure a cikin shekarar kan kawo ƙwallon siliki. Dukawa masu ɗinkin takalma kuma kan kawo ƙwallon fata ta sule uku da kwabo huɗu.

Wannan ƙwallon fata ita ce tushen fitina. Da an jefa ta sai samarin gari su afka mata, a yi ta kokawa da ture-ture daga filin har cikin titunan birni. Babu adadin 'yan wasa, babu alƙali, babu layin da aka shata. Kowace shekara sai an kwashi masu karaya da masu fasasshen kai. Hukuma kuma dama ba ta son wasan, domin dokar ƙasa ta wajabta wa maza koyon harbi da baka saboda yaƙi, ƙwallo kuwa tana ɗauke musu hankali.

Wanda ya kawo ƙarshen abin shi ne Henry Gee, wanda ya riƙe muƙamin magajin gari sau biyu, daga 1533 da kuma daga 1539, a zamanin Sarki Henry na Takwas. Mutum ne mai son tsari. Shi ya ba da umarnin a riƙa tura yara makaranta, ya kuma hana mata masu shekara 14 zuwa 40 riƙe gidajen giya. Da ya zo kan bikin jajiberin azumi, bai soke shi ba, sai ya sauya kyaututtukan. Dukawa su daina kawo ƙwallo, su kawo ƙananan masu na azurfa guda shida don tseren ƙafa. Angwaye su kawo kibiyar azurfa don gasar harbi. Masu ɗinkin sirdi kuma, maimakon ƙwallon katako, su kawo ƙararrawar azurfa ta sule uku da kwabo huɗu, a ba wanda dokinsa ya riga kowa. Taro ya tsaya a ranarsa da wurinsa, ƙungiyoyi ba su rasa girmansu ba, jini kuma ya daina zuba. Daga wannan ƙararrawa ake ƙirga tarihin sukuwa a Chester. Wasu littattafai suna rubuta 1540 maimakon 1539, kuma dalilin shi ne a lokacin sabuwar shekara a Ingila sai ranar 25 ga Maris take kamawa, saboda haka watan Fabrairun da aka yi sukuwar farko yana cikin tsohuwar shekara a lissafin da, yana cikin sabuwa a lissafin yanzu.

Zamanin kofuna da rumfuna

Wajen 1609 wani ɗan kasuwar kayan ƙarfe mai suna Robert Amery ya ƙaro wata sukuwa a ranar 23 ga Afrilu, ranar Waliyyi George, ya sa kyaututtukan azurfa. Sannu a hankali wannan ta danne ta jajiberin azumi. Yaƙin basasar Ingila ya katse komai. Chester ta goyi bayan Sarki Charles na Ɗaya, rundunar majalisa ta yi mata ƙawanya har ta miƙa wuya a Fabrairun 1646, kuma masu tsananin addini da suka karɓi mulki ba su yarda da irin waɗannan wasanni ba. Sai bayan dawowar sarauta a 1660 dawaki suka koma fili.

A ƙarni na 18 harkar ta koma hannun masu ƙasa da dukiya, musamman gidan Grosvenor na Eaton Hall, 'yan mil kaɗan kudu da birni, waɗanda suka riƙa ba da kofin zinariya. A 1766 aka fara bikin watan Mayu, wanda har yau shi ne babban taron filin. A 1813 aka kafa gasar Dee Stakes, a 1817 kuma aka gina rumfar 'yan kallo ta farko, wadda Thomas Harrison ya zana. Gidan Grosvenor bai tsaya ga kyauta ba, ya shiga kiwon dawaki gadan-gadan. A bargar Eaton aka haifi Ormonde a 1883, ingarman da ya cinye manyan gasanni uku na Ingila a 1886, ya yi sukuwa sau 16 ba a taɓa wuce shi ba. Tun 1936 akwai gasa mai sunansa a Roodee.

Gasar da ta fi ɗaukaka filin ita ce wadda aka fara a 1824 da sunan kofin 'yan kasuwa, daga baya ta zama Chester Cup. Nisanta ya ɗan haura mil biyu da kwata, kimanin kilomita 3.7, wato zagaye biyu da ɗoriya. Gasa ce ta daidaita nauyi: dokin da aka san ƙarfinsa ana ƙara masa kaya, ana cusa ɓallayen dalma a cikin mayafin da ke ƙarƙashin sirdi, mai rauni kuma a rage masa, don kowa ya sami rabo. A 1844 wani doki ɗan shekara uku mai suna Red Deer ya ci kofin ɗauke da nauyin da bai wuce kilo 25 da ɗoriya ba, har da mahayi da sirdi. Mahayin wani ɗan ƙaramin yaro ne mai suna Kitchener. Al'ada ce kuma a haɗa wa masu nasara da ƙaton curin cukun Cheshire, wanda lardin ya shahara da shi.

A tsakiyar ƙarni na 19 Chester Cup na cikin gasannin da aka fi zuba kuɗin caca a kansu a duk Ingila. Jirgin ƙasa ya iso Chester a 1840, ya fara kwaso dubban ma'aikata daga Liverpool da Manchester da garuruwan masana'antu. Makon sukuwa sai filin ya cika da bukkokin giya da 'yan caca da masu wasan dabo da 'yan sane. Malaman coci da masu yaƙi da shan giya suka yi ta wa'azi da rubuce-rubuce suna neman a soke bikin. Masu masauki da 'yan kasuwa, waɗanda makon ke cika wa aljihu, suka tsaya kai da fata, bikin ya tsira.

Gada biyu

Gadoji biyun da suka yi wa filin iyaka duk a wannan zamani aka gina su. Gadar Grosvenor, ta kudu, ita ma zanen Thomas Harrison ce, ko da yake ya rasu a 1829 bai ga kammaluwarta ba. Gimbiya Biktoriya ce ta buɗe ta a Oktoban 1832, tun kafin ta hau mulki. Baka ɗaya tak gare ta, mai faɗin ƙafa 200, kimanin mita 61, kuma ta yi shekara talatin babu gadar dutse mai baka ɗaya da ta kai ta faɗi a duniya. An ɗaga ta sama sosai don jirage masu dogon itacen filafilai su wuce ta ƙarƙashinta.

Ta arewa ita ce ta jirgin ƙasa mai zuwa Holyhead a arewacin Wales. Robert Stephenson ya gina ta da dogayen ƙarafa na zubi. Ranar 24 ga Mayu 1847 ɗaya daga cikin ƙarafan ya karye jirgi na kai, taragai suka zuba cikin kogi, mutum biyar suka mutu. Binciken da ya biyo baya ya nuna hatsarin amfani da ƙarfen zubi a irin wannan aiki, aka sake gina gadar. Fasinjan da ke kan hanyar arewacin Wales a yau yakan ga filin sukuwar gaba ɗaya ta taga na ɗan lokaci kafin jirgi ya haye kogin.

Shinge da kuɗin shiga

Sama da shekara ɗari uku da hamsin kallon sukuwa a Roodee kyauta ne, sai wanda ya so zama a rumfa. A shekarun 1890 aka kafa kamfanin Chester Race Company, ya karɓi hayar filin daga hukumar birni, ya kewaye shi, ya fara karɓar kuɗin shiga. Wannan ya rage tarzoma, ya kuma kawo kuɗin gina sabbin rumfuna. Babbar cikinsu gobara ta cinye ta a 1985, aka sake gina wata. Abu ɗaya ne shinge bai iya yi wa komai ba, wato ganuwa. Hanya ce ta jama'a, kuma ta fi filin tudu, don haka wanda ba shi da ko kwabo yana iya jingina da dutse ya ga abin da mai tikiti ke gani.

Filin bai taɓa zama na dawakin sukuwa kaɗai ba. An yi faretin sojoji a kansa. A 1858 an yi babban baje kolin noma na ƙasa a nan. A 1903 Buffalo Bill ya zo daga Amurka da ayarin mahayansa ya kafa tantuna. An buga kurket da ƙwallon ƙafa irin ta zamani, mai doka da alƙali, a ciyawar da aka taɓa hana ƙwallo. A tsakiyar da'irar kuma an yi wasan folo.

Ranar sukuwa

Kogi da ganuwa su suka yanke wa hanyar sukuwar siffarta. Zagayenta ya ɗan haura mil ɗaya, tana cikin mafi ƙanƙanta a Birtaniya, kuma kusan duk kwana ce. Dawaki suna gudu suna karkata hagu, miƙaƙƙiyar hanyar ƙarshe kuwa yadi 239 ce kawai, kimanin mita 220. Ba a tsallake shinge a nan, gudu ne zalla a kan ciyawa. Saboda haka lambar akwatin tashi tana da nauyi ƙwarai. Dokin da ya sami ƙaramar lamba yana jikin shingen ciki, hanyarsa ta fi gajarta. Wanda ya sami babbar lamba, musamman a gajeren tsere na mita 1,000, ko dai ya ƙona ƙarfinsa tun farko wajen neman ciki, ko ya bi ta waje ya yi doguwar tafiya. Mahayin da ya makale a bayan wasu, kafin ya sami kafar fita an gama.

Ranar biki tun da hantsi titin Watergate ke cika da masu gangarawa, maza cikin kwat, mata da manyan huluna. Kafin kowane tsere 'yan barga kan zagaya da dawaki a wani ɗan da'ira, riƙe da ragama, don jama'a su duba lafiyarsu da tafiyarsu. Dawakin dogaye ne, sirara, jijiyoyi kwance a fatarsu. Sirdin ɗan mitsitsi ne, likkafa an ɗage ta sama, ta yadda mahayi ba ya zama, tsugune yake a kan wuyan doki, sanye da rigar siliki mai launin mai dokin. Daga kan ganuwa ana ganin tseren tun daga tashi har ƙarshe ba tare da madubin hangen nesa ba. Da farko launuka ne kawai ke tafiya can jikin kogi, babu sauti. In sun karyo kwanar ƙarshe sai a fara jin dukan kofato kamar ganga daga ƙasa, ɓarɓashin ciyawa na tashi a bayansu, bulala na sauka, ihun rumfa ya taso ya bugi ganuwa. Cikin daƙiƙu kaɗan sun wuce, ma'aikata su shiga da cokulan ƙasa suna mayar da ciyawar da kofato ya ɓanɓare.

Wannan matsatsin ne ya sa masu horar da dawaki ke kawo 'yan shekara uku nan a watan Mayu, don a gwada ko doki zai iya riƙe kansa a kwana cikin hayaniya kafin manyan gasannin Epsom na watan Yuni. Gasar Chester Vase, wadda aka fara a 1907, ita ce babbar ma'auni. A 1981 Shergar, dokin Aga Khan, ya ci ta da ratar tsawon doki 12, sannan ya je ya ci gasar Derby ta Epsom da ratar 10. Shi ne dokin da 'yan bindiga suka sace daga barga a Ireland a Fabrairun 1983, ba a sake ganinsa ba. A 2013 Ruler of the World ya bi wannan sawu, ya ci Vase ya ci Derby. A 2017 goɗiya Enable, ta Yarima Khalid Abdullah na Saudiyya, ta ci Cheshire Oaks a Roodee, daga nan ta je ta ci babbar gasar Arc ta Faransa sau biyu a jere, 2017 da 2018.

Filin a yau

Lokacin sukuwa a Chester yana farawa a Mayu ya kai wajen Satumba, kuma ranakun tsere goma sha wani abu ne a shekara. Sauran kwanaki filin shiru yake. Masu yawo da karnuka da masu keke suna bin hanyar bakin kogi, ma'aikata na yankan ciyawa da ban ruwa, a wasu ranakun kuma a yi baje koli ko tseren gudun fanfalaki. Dee yana nan yana bin gefen filin, ƙunƙuntacce, ba ya ɗaukar abin da ya wuce ƙananan jirage. Wanda ya ba wurin awa biyu zai iya ganin duwatsun tashar Rumawa, da guntun gicciye, da gadoji biyu, da hasumiyar da kogi ya gudu ya bari, duk a zagaye ɗaya na ƙafa. Bikin Mayu kwana uku ne, kuma a cikinsa ake yin Chester Vase da Chester Cup. Mai son kallo daga ganuwa sai ya yi sammako ya kama wuri a Nuns Road, domin nan ba a sayar da tikiti, wanda ya riga zuwa shi ke gaba.